Saurin danna ƙararrawa a gasar mutum da kwamfuta

Saurin danna ƙararrawa shi ne ɗan lokacin da ke tsakanin buɗe damar amsa tambaya da sa'adda ɗan takara ya taɓa maɓallinsa. Ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A gasar kacici-kacici da ake haɗa mutum da kwamfuta, sau da yawa wannan ƙiftawar ido ce ke raba gardama, domin idan gwanaye suka haɗu, kusan kowa ya san amsar.

Jikin ɗan Adam yana da iyakarsa. Kafin haske ya shiga ido, saƙo ya kai ƙwaƙwalwa, ya gangaro ta jijiyoyi zuwa yatsa, an ci milisakan 200 zuwa 250. Kunne ya ɗan fi ido hanzari. Shi ya sa a tseren mita 100, wanda ya zabura kafin cikar milisakan 100 da ƙarar bindiga ana ɗaukarsa ya yi riga malam masallaci.

Misalin da ya fi shahara shi ne karawar watan Fabrairun 2011 a shirin kacici-kacici na talabijin mai suna Jeopardy! na Amurka, inda kwamfutar Watson ta kamfanin IBM ta kara da Ken Jennings, wanda ya ci wasa 74 a jere a shirin a 2004, da Brad Rutter, wani gwanin shirin. Dokar shirin ita ce ba a dannawa sai mai gabatarwa ya gama karanta tambaya an kunna fitila. Wanda ya yi garaje sai a kulle maɓallinsa na rubu'in daƙiƙa. Ita Watson a rubuce ake tura mata tambayar, tana ta lissafi mai gabatarwa na karatu, kuma da zarar siginar ta iso, wani ɗan yatsan ƙarfe ke danna mata maɓalli cikin milisakan 10 ko ƙasa da haka. Dabarar da ta rage wa mutanen biyu ita ce su bi muryar mai gabatarwa su kintaci lokacin fitilar. Wani sa'in sukan dace. An tashi Watson na da dala 77,147, Jennings 24,000, Rutter 21,600. Ba a raina aikin injiniyoyin ba, amma wannan tazarar ta fi nuna bambancin waya da jijiya a kan bambancin ilimi.

A Gana lamarin ya sha bamban. Gasar kimiyya da lissafi ta makarantun sakandare, NSMQ, wadda aka fara a 1993, tana da zagayen ka-cinci-ka-cinci inda ba a jiran fitila. Mai tambaya na jero alamu ɗaya bayan ɗaya, ɗalibi na iya katse ta da ƙararrawa: maki 5 a alamar farko, 4 a ta biyu, 3 bayan haka. A Aboabo da Asawase, cikin zangon Kumasi, idan makarantun garin, Prempeh College ko Opoku Ware, na kan dandali, za ka ga matasa sun yi cincirindo a shagon aski, wani na ɗaga hannu yana cewa "Danna mana, ɗan'uwa!" alhali ɗalibin na ciza leɓe yana jiran alama ta gaba. Abin da ake aunawa a nan shi ne sanin lokacin da zato ya nuna har ya isa a yi kasada da shi.

Wannan tsarin ya fi yi wa mutum adalci, kuma ya fi wa na'ura wuya. A wasan ƙarshe na 2023, wanda makarantar Presec ta Legon ta lashe a kan Achimota da Opoku Ware, an gwada manhajar Brilla AI, wadda George Jojo Boateng ya jagoranci ƙirƙirarta, ba a matsayin 'yar takara ta hukuma ba. Babu mai tura mata rubutu. Sai ta saurari Turancin bakin mai tambaya, Farfesa Elsie Effah Kaufmann, ta mayar da shi rubutu, ta gane inda alama ta fara, sannan ta nemo amsa ta furta. Cikin tambayoyi 4 na zagayen, guda 1 ta riga ɗaliban amsawa daidai.