Hankalin Ɗan Adam da Rarrabe Gaskiya da Ƙarya

Ko hankalin mutum abin dogaro ne wajen rarrabe gaskiya da ƙarya, wannan tsohuwar mas'ala ce a falsafa, a reshen da ke binciken asalin sani da iyakarsa. A ƙarni na 20 masana halayyar ɗan Adam suka ɗauke ta suka kai ɗakin gwaji. Inda bakin ɓangarorin biyu ya fi zuwa ɗaya shi ne, sakankancewar da mutum ke ji a ransa ba hujja ba ce, domin da mai gaskiya da wanda ya yi kuskure duk iri ɗaya suke jin ta.

Tsohuwar shakka

Masu kokwanto na tsohuwar Girka, mabiya Pyrrho, su suka fara matsa tambayar. Sextus Empiricus, wani likita da ya tattara hujjojinsu, ya kafa ta kamar haka: ba a cewa magana gaskiya ce sai da ma'auni, to shi ma'aunin da me za a tabbatar da ingancinsa? In an kawo wani ma'aunin, shi ma yana neman nasa, haka za a yi ta tafiya ba tuƙewa.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, abin bai tsaya masa a fatar baki ba, har ya kira shi ciwo. A littafinsa *Al-Munƙiz minad Dalal* ya ba da labarin yadda ya fara tuhumar gani, wanda shi ne mafi ƙarfi cikin gaɓoɓin riska. Ido na kallon inuwa ya ce tsaye take cik, a dawo bayan sa'a guda a tarar ta gusa. Yana kallon tauraro ya gan shi bai fi dinari ba, lissafi kuma ya nuna ya fi duniya girma. A nan hankali ne ya ƙaryata ido. Sai ido ya juyo da tambaya: kai ma ina ka san babu wani alƙali a bayanka da zai ƙaryata ka kamar yadda ka ƙaryata ni? Mai barci ma ai yana gaskata mafarkinsa har sai ya farka. Gazali ya ce kusan wata biyu ya yi a wannan hali, kuma ba jera hujjoji ne ya fitar da shi ba, wani haske ne Allah Ya jefa a ƙirjinsa. Bayan shekara ɗari biyar da ɗoriya, René Descartes na Faransa ya bi kusan wannan sawu a 1641, da mafarki da komai, har ya tsaya a kan abu ɗaya da ya ga ba ya shakkuwa: mai yin shakka dai dole akwai shi.

Abin da gwaji ya nuna

Yawancin mutane suna ganin sun iya kama maƙaryaci. A 2006 Charles Bond da Bella DePaulo suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje sama da 200, suka tarar mutane na dacewa a kashi 54 cikin ɗari kawai, alhali mai canki-canka ma yana samun 50. Kawar da ido, da ake ɗauka babbar alamar ƙarya, kusan ba ta da wata alaƙa da ita.

Maimaici ma na da nasa sihiri. Lynn Hasher da abokan aikinta sun nuna a 1977 cewa maganar da mutum ya taɓa ji ta fi kwanta masa a rai fiye da sabuwa, gaskiya ce ko ƙarya. Ƙwaƙwalwa na ɗaukar sabo a matsayin shaida, abin da masu farfaganda da masu talla suka daɗe da ganewa.

Akan ce gani ya kori ji, amma abin da aka gani ɗin ma yana sauya kama a wurin ajiya. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai hoton bidiyo na hatsarin mota, suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Kalma ɗaya suka riƙa canzawa a tambayar. Waɗanda aka ce wa motocin sun ragargaji juna sun kintaci kusan mil 41 a sa'a, waɗanda aka ce wa sun taɓa juna kuwa kusan mil 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambayi ko sun ga fasasshen gilashi. Mutum 16 cikin 50 na rukunin "ragargaza" suka ce sun gani, na rukunin da aka ce wa motocin sun bugi juna kuwa 7. Babu gilashi ko ɓalli a bidiyon, kuma ba ƙarya suka shirga ba, iya abin da suka tuna ke nan.

Inda hankali ke gyaruwa

Akwai abin da masu zafin kokwanto kan tsallake: duk waɗannan kurakurai hankali ne ya gano su, sai dai ba na mutum ɗaya ba, kuma ba da hannu rabbana ba. Malaman hadisi ba su dogara da daɗin magana ba, sun kafa ilimin isnadi da na jarhi da ta'adili, suna bin diddigin kowane mai ruwaya, gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa. Ibn Haldun, a *Muƙaddima* da ya rubuta a 1377, ya lissafa son rai ga wata mazhaba ko ra'ayi a sahun farko na abin da ke shigar da ƙarya cikin labari, ya kuma ce a auna kowane labarin tarihi da abin da zai iya yiwuwa a zaman jama'a.

Gwajin katunan Peter Wason na 1966 ya fito da wannan fili. Katuna huɗu ne a kan tebur, kowanne da harafi a fuska ɗaya, lamba a ɗayar. Ana ganin E, K, 4 da 7. Ƙa'idar ita ce, duk katin da ke da wasali to lambar bayansa mai rabuwa biyu daidai ce. Waɗanne za a juya a gane ko ƙa'idar ta tabbata? Yawanci sukan ce E da 4, ko E kaɗai. Amsar ita ce E da 7, domin in aka juya 7 aka ga wasali, ƙa'ida ta rushe, 4 kuwa komai ke bayansa bai karya ta ba. Mutum ya fi karkata ga neman abin da zai gaskata zatonsa. A 1998 David Moshman da Molly Geil suka ba ɗalibai irin wannan aiki: kashi 9 cikin ɗari ne suka dace a ɗaiɗaikunsu, amma da aka haɗa su rukuni na mutum biyar zuwa shida suna gardama, kashi 75 na rukunan suka kai ga amsar. A kan irin wannan ne Hugo Mercier da Dan Sperber suka gina ra'ayinsu na 2011, cewa tunani ya fi gwaninta wajen tace hujjar wani fiye da tace ta mai shi.

Wasu kurakuran kuma sani ba ya kawar da su. A zanen da Franz Müller-Lyer na Jamus ya fitar a 1889, layi biyu ne tsayinsu ɗaya, ɗaya da kan kibiya mai duban waje, ɗayan mai duban ciki. Ko an ɗora rula an auna an ga daidai suke, ana ɗage ta ido zai koma ganin ɗaya ya fi tsawo.