Jack Johnson da muhawarar da ba ta ƙare ba a kan gadonsa

Jack Johnson, wanda cikakken sunansa John Arthur Johnson (1878–1946), ɗan damben boksin ne na Amurka, kuma baƙar fata na farko da ya riƙe kambun duniya a ajin masu nauyi, daga 1908 zuwa 1915. Ana yi masa laƙabi da Ƙaton Galveston, sunan garinsu a jihar Texas. Fiye da shekara ɗari da sauka daga kambun, masana tarihin dambe ba su daina ja-in-ja a kansa ba. Abin da ake taƙaddama a kai uku ne: ko gwanintarsa ta kai yadda ake zuzutawa, ko ya yi wa 'yan'uwansa baƙaƙe adalci da kambun ya shiga hannunsa, da kuma wanda ya kamata a ɗora wa alhakin rufe ƙofar kambun ga baƙar fata tsawon shekara 22 bayan faɗuwarsa.

Tasowarsa da farautar kambu

An haife shi ranar 31 ga Maris 1878. Iyayensa, Henry da Tina, tsofaffin bayi ne da suka sami 'yanci. Bai yi nisa a karatu ba, ya kama dako a tashar jiragen ruwa, inda ya fara gwada ƙashi da sauran leburori. A Fabrairun 1901 wani tsohon hannu, Joe Choynski, ya kai shi ƙasa a turmi na uku. Da yake dokar Texas ta hana dambe don kuɗi a lokacin, sai aka kama su duka biyu aka tsare kwana 23. A zaman wannan ɗakin ne Choynski ya koya masa cewa mai saurin jiki irinsa bai kamata ya riƙa tsayawa naushi yana samunsa ba. Daga nan salonsa na kare kai ya samo tushe.

A 1903 ya doke Denver Ed Martin ya karɓi kambun da aka ware wa baƙaƙe. An ware shi ne domin babban kambun a rufe yake. John L. Sullivan, zakaran masu nauyi na zamanin da ya gabata, ya ƙi haɗuwa da baƙar fata, har da Peter Jackson da ake ganin zai iya ba shi wahala, kuma Jim Jeffries, bayan ya zama zakara, ya bi sahunsa har ya yi ritaya a 1905 ba a taɓa doke shi ba. Da kambun ya faɗa hannun Tommy Burns ɗan Kanada a 1906, Johnson ya bi shi ƙafa da ƙafa, daga Amurka zuwa Ingila zuwa Ostareliya, yana ƙalubalantarsa a jaridu. Burns ya amince ne bayan mai shirya wasa Hugh McIntosh ya yi masa alkawarin dala 30,000, Johnson kuwa 5,000 aka ba shi. Sun kara a Sydney ranar 26 ga Disamba 1908, kuma 'yan sanda ne suka shiga suka tsayar da wasan a turmi na 14, bayan Burns ya gama galabaita.

Yadda yake dambe

Wanda bai san dokokin wancan zamani ba ba zai gane Johnson ba. Turmi minti uku ne da hutun minti ɗaya kamar yau, amma ana iya yanka wasan kambu har turmi 45, wato minti 135 na faɗa tsantsa. A yau turmi 12 ne iyaka. Safar hannun ƙanana ce, ba ta da laushi sosai, don haka mai yawan kai naushi a goshin abokin karawa yana iya karya hannunsa tun wasa bai yi nisa ba. Alƙalai kuma suna barin rungumar juna ta daɗe kafin su raba. Waɗannan abubuwa uku suka sa mai tattalin ƙarfinsa ya fi mai gaggawa riba.

Johnson yakan tsaya a miƙe, nauyinsa a kan ƙafar baya, hannayensa ƙasa-ƙasa. Idan naushi ya taho sai ya cafe shi da buɗaɗɗen tafi ko ya ture shi a gwiwar hannu tun bai ƙaraso ba. In abokin karawa ya kutso, sai ya riƙe masa damatsa biyu, ya danne su, ta yadda hannun ba zai iya lanƙwashewa ya kai duka ba. Daga cikin wannan riƙon yake zare hannun dama ya sako naushi daga ƙasa zuwa haɓa, gajere, wanda ba ya buƙatar ja da baya. Shi ne makaminsa mafi haɗari. Duk wannan yana yi yana murmushi, haƙoran zinarensa a waje, yana yi wa abokin karawa magana, wani lokaci har da mutanen kusurwarsa.

Salon yana da aibinsa. Yakan yi jinkirin kai farmaki, kuma alƙalin da ke son ganin mai matsawa gaba yana iya hana shi maki. Haka ta faru a 1905, da aka bai wa Marvin Hart nasara a kansa bayan turmi 20.

Reno, 1910

Da Burns ya faɗi, jaridun Amurka suka shiga neman farar fatar da zai ƙwato kambun. Stanley Ketchel, zakaran ajin matsakaita, ya gwada a Oktoban 1909. Ya kai Johnson ƙasa a turmi na 12, Johnson ya tashi ya gama da shi nan take. Daga ƙarshe aka lallaso Jeffries daga gonarsa, bayan ya shafe kusan shekara shida bai shiga fage ba, sai da ya sha wahalar rage ƙiba. An shirya wasan a San Francisco, gwamnan California ya hana, aka mayar da shi Reno a jihar Nevada ranar 4 ga Yuli 1910, ranar bikin 'yancin Amurka. Tex Rickard ne ya shirya, shi ne kuma alƙali, a gaban 'yan kallo kusan 20,000. A turmi na 15 Jeffries ya sha ƙasa, abin da bai taɓa faruwa da shi ba, aka tsayar da wasan.

A daren nan tarzoma ta ɓarke a birane da dama, aka kashe mutane, akasarinsu baƙaƙe da aka far wa saboda suna murna. Garuruwa da yawa suka hana nuna hoton wasan, kuma a 1912 majalisar dokokin Amurka ta haramta tsallakar da finafinan dambe daga jiha zuwa jiha, dokar da ta zauna har 1940. Abin bai tsaya a Amurka ba. A 1911 an shirya wa Johnson wasa da Billy Wells, zakaran Birtaniya, a London, Winston Churchill, wanda ke riƙe da ma'aikatar cikin gida, ya hana, a daidai lokacin da masu adawa da wasan ke faɗin tsoronsu a fili game da yadda al'ummomin da Birtaniya ke mulka za su kalli baƙar fata yana dukan Bature.

Shari'a, gudun hijira da Havana

A 1912 hukumomin tarayya suka kama shi a ƙarƙashin dokar Mann ta 1910, wadda aka kafa don hana safarar mata tsakanin jihohi saboda karuwanci. Ƙarar farko ta rushe domin Lucille Cameron, wadda aka ce ya sace, ta ƙi ba da shaida, daga baya ma ta aure shi. Sai aka nemo wata tsohuwar budurwarsa, Belle Schreiber. A 1913 masu taya alƙali hukunci, dukansu farare, suka same shi da laifi, aka yanke masa shekara ɗaya da kwana ɗaya. Ya sulale ta Kanada zuwa Faransa, ya yi shekara bakwai a waje.

Ranar 5 ga Afrilu 1915, a wani filin sukuwa a Havana ta ƙasar Kuba, ya haɗu da Jess Willard, ƙato mai tsawon kusan mita biyu. Johnson yana da shekara 37. Ya rinjayi turmi ashirin na farko, sai ƙarfi ya fara ƙare masa cikin zafin rana, a turmi na 26 hannun daman Willard ya kwantar da shi. Daga baya ya ce sayar da wasan ya yi bisa alkawarin za a sassauta masa hukunci, yana kafa hujja da hoton da ya nuna shi kwance ya ɗaga hannuwa kamar mai kare ido daga rana. Yawancin waɗanda suka nazarci fim ɗin ba su yarda ba. Mai niyyar faɗuwa da gangan ba zai yi minti 75 yana ƙoƙarin kayar da abokin karawa ba tukuna. Ya miƙa kansa a iyakar Meziko a Yulin 1920, ya yi zamansa a kurkukun Leavenworth, aka sake shi a Yulin 1921.

Matsayinsa a cikin zakaru

Nat Fleischer, wanda ya kafa mujallar The Ring kuma ya ga zakaru da yawa da idonsa, ya sa Johnson a sahun farko na ajin masu nauyi. Masu musun wannan suna duba abokan karawarsa ɗaya bayan ɗaya. Burns kilo 76 ne ranar wasansu, Johnson 87. A ma'aunin yau Burns ba zai ko kusanci ajin masu nauyi ba. Ketchel ɗan ajin matsakaita ne. Jeffries inuwar kansa ce ta zo Reno. Jim Flynn da Frank Moran, waɗanda su ma suka nemi kambun a hannunsa, ba a sa su cikin manya. Hujja ce mai nauyi, kuma gaskiya ce cewa shekarun kambunsa ba su ne suka fi nuna ƙarfinsa ba.

Amsar magoya bayansa ita ce a duba shekarun da suka gabaci 1908, lokacin da ya yi ta karawa da Joe Jeannette da Sam McVey, baƙaƙen 'yan damben da zakarun farare suke kauce wa, ya kuma fi su. Suna ƙara da cewa fim ɗin zamanin yana yaudarar ido: da hannu ake juya kyamarar, hotunan da take ɗauka a daƙiƙa ba su kai na yau ba, shi ya sa motsi ke fitowa a tsittsinke, ƙaramar kaucewa da kai kuwa ta ɓace gaba ɗaya. Lissafin wasanninsa ma ya bambanta daga littafi zuwa littafi, domin a wasu jihohi doka ta hana alƙali bayyana wanda ya ci, sai dai washegari jaridu su faɗi ra'ayinsu.

Batun Sam Langford

A nan ne zargin ya fi kama shi. Johnson ya doke Langford, wanda shi ma baƙar fata ne, da maki a turmi 15 a Afrilun 1906, lokacin Langford yana kilo 71, shi kuwa 84. Langford ya ƙara jiki ya zama abin tsoro a ajin masu nauyi, ya yi shekaru yana neman a sake, bai samu ba. Jeannette da McVey ma ba su samu ba. Jeannette ya fito fili ya zarge shi da manta tsofaffin abokansa. Baƙar fata ɗaya tak ya bai wa dama, Battling Jim Johnson, a Paris cikin Disamban 1913, wanda bai kai waɗancan ukun ba, aka tashi canjaras a turmi goma.

Uzurin Johnson kuɗi ne: farare ne masu sayen tikiti, kuma abin da suke biya su gani shi ne farar fata ya kayar da shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma a Faransa da Ostareliya wasannin Langford da McVey da Jeannette suna tara jama'a, don haka uzurin bai wanke shi duka ba. Mutumin da ya bi Burns rabin duniya yana neman haƙƙinsa ya san zafin abin da ya yi wa Langford.

Shekara 22

Bayan Havana babu baƙar fatar da ya sake samun damar neman kambun sai Joe Louis, wanda ya doke James Braddock a Yunin 1937. Harry Wills, wani baƙar fata, ya tsufa yana jiran Jack Dempsey, mai riƙe da kambun a lokacin, ya ba shi dama. Wasu, har cikin baƙaƙen zamaninsa, sun ce halin Johnson ne ya jawo: motocin tsere, gidan rawarsa na Chicago, auren fararen mata, da yi wa wanda ya kayar dariya. Booker T. Washington, ɗaya daga cikin jagororin baƙaƙen Amurka, ya soki rayuwarsa a bainar jama'a. W. E. B. Du Bois kuwa, marubuci mai fafutukar 'yancin baƙaƙe, ya rubuta a 1914 cewa fararen 'yan dambe sun yi irin abin da ya yi ba a ɗaga murya ba, laifinsa da ba a yafewa shi ne baƙar fatarsa. Masu kula da Louis sun ɗauki darasin a aikace, suka gindaya masa sharuɗɗa: kada a ɗauke shi hoto da farar mace, kada ya yi alfahari a kan wanda ya kayar. Hujjar Du Bois ta fi ƙarfi, domin ƙofar a rufe take tun zamanin Sullivan, kafin kowa ya san Johnson, kuma masu shirya wasa ne suka sake rufe ta.

Akwai abin da wariyar launin fata ba ta bayyana shi. Ya yi wa Etta Duryea dukan da ya kwantar da ita a asibiti a ƙarshen 1910, kafin aurensu, kuma ta kashe kanta a Satumban 1912. Masu rubuta tarihinsa na baya-bayan nan sun daina tsallake wannan babi, kuma daidai suka yi.

Johnson ya rasu ranar 10 ga Yuni 1946 sakamakon haɗarin mota a jihar North Carolina, aka binne shi a Chicago. Muhammad Ali, wanda shi ma ya rasa kambu a rikici da hukumomi, ya sha kwatanta kansa da shi. Sanata John McCain da ɗan majalisa Peter King sun yi shekaru suna neman a yi masa afuwa, shugabanni biyu suka wuce ba su sa hannu ba. Shugaba Donald Trump ya sa hannu ranar 24 ga Mayu 2018, shekara 105 bayan hukuncin.