Romeo da Juliet: Wa Ya Kashe Su, Gaba ko Ƙaddara?

Mutane da yawa sun san sunayen nan biyu ba tare da sun taɓa karanta wasan kwaikwayon ba. Duk saurayin da so ya ɗauke wa hankali sai a ce masa Romeo, a ɗauka labarin daɗin soyayya ne. Alhali kafin wasan ya ƙare gawa shida ake ƙirgawa. Ga wasu tambayoyi da masu karatu kan yi a kansa.

Wa ya rubuta shi, kuma yaushe?

William Shakespeare ne, mutumin Ingila da aka haifa a garin Stratford a 1564, ya rasu a 1616. Ya rubuta wasan wajen 1595, aka fara buga shi a 1597. Labarin ba ƙirƙirarsa ba ce. Marubutan Italiya irin su Luigi da Porto da Matteo Bandello sun riga shi, sannan wani Bature mai suna Arthur Brooke ya mayar da shi doguwar waƙa da Turanci a 1562. Aikin da Shakespeare ya yi shi ne matse lokaci. A wurin Brooke labarin ya ɗauki watanni, shi kuwa ya tattara komai tsakanin safiyar Lahadi da asubahin Alhamis. Ya kuma rage wa Juliet shekaru, ya bar ta ba ta cika 14 ba.

Yaya labarin yake a taƙaice?

A birnin Verona na Italiya akwai manyan gidaje biyu da ba sa ga maciji da juna, gidan Montague da gidan Capulet. Romeo, ɗan Montague, ya rufe fuska ya kutsa liyafar gidan Capulet, ya ga 'yarsu Juliet, so ya kama su a daren. Washegari wani limamin coci, Fada Laurence, ya ɗaura musu aure a ɓoye. A yinin nan ne Tybalt, ɗan kawun Juliet, ya kashe Mercutio abokin Romeo, Romeo ya rama ya kashe Tybalt, mai mulkin birnin Yarima Escalus ya kore shi, ya koma birnin Mantua.

Iyayen Juliet, da ba su san da auren ba, suka sa mata rana da wani basarake, Paris. Fada ya ba ta wani magani da zai sa ta kwanta kamar matacciya na sa'o'i 42, da nufin Romeo ya zo ya ɗauke ta daga hubbaren danginta. Wasiƙar da za ta bayyana masa dabarar ba ta isa ba. Labarin mutuwa ne ya isa. Ya sayi guba, ya zo hubbaren, ya tarar da Paris ya kashe shi, ya sha gubar. Juliet ta farka ta ga gawarsa, ta soka wa kanta wuƙarsa.

Me ya haɗa gidajen biyu faɗa tun asali?

Ba a faɗa ba. Ko sau ɗaya. Mai gabatar da wasan ya ce tsohuwar gaba ce kawai, ya wuce. Ba filin da ake rikici a kai, ba bashin jini da aka ambata. Yarima ma ya ce sau uku ana tayar da hankalin gari saboda wata maganar banza.

Ina ganin da gangan Shakespeare ya yi haka. Duba yadda aka buɗe wasan: ba masu gidan ne suka fara ba, barorin Capulet biyu ne ke yawo suna neman tsokana, ɗaya ya ciji babban yatsa a gaban barorin Montague, wanda a al'adarsu cin mutunci ne. Tsoffin kuwa alamun gajiya suke nunawa. Capulet da bakinsa ya ce ba zai yi wa dattawa irinsu wuya su zauna lafiya ba. Da Tybalt ya gane Romeo a wurin liyafa ya nemi takobinsa, Capulet ne ya tsawatar masa, har ya ce garin na yabon yaron da natsuwa. Wanda ya ɗauki gabar da zafi shi ne Tybalt, matashin da ya ce ya tsani kalmar zaman lafiya kamar yadda ya tsani wutar jahannama da duk wani Montague. Ya gaji ƙiyayya bai gaji dalilinta ba, shi ya sa babu hujjar da za a kawo masa ya sauko.

Son nasu na gaskiya ne, ko ɗokin ƙuruciya?

Masu cewa ɗoki ne suna da abin kamawa. Da safiyar Lahadi Romeo kuka yake a kan wata Rosaline da ta ƙi shi, ita ya je gani a liyafar. Kafin tsakar dare ya manta da ita. Fada Laurence ma sai da ya yi masa ba'a, ya ce ashe son samari a ido yake, ba a zuci ba.

Amma a duba ɓangaren Juliet. Ita ce, duk da ƙarancin shekarunta, ta ce abin ya yi sauri, ya yi kama da walƙiya da ke ɓacewa kafin a ce ga ta. Ita ce ta ce idan da gaske yake, to maganar aure za a yi, ya aiko mata da wuri da lokaci. Ita ce ta tambayi abin da babu wani babba a garin da ya tambaya: mene ne Montague, hannu ne ko ƙafa, da har suna kaɗai zai mai da mutum abokin gaba? Kuma ita kaɗai a ɗaki ta sha maganin, bayan ta lissafa wa kanta tsoronta ɗaya bayan ɗaya, har da zargin ko Fada guba ya ba ta don ya rufa wa kansa asiri. Wasan bai ba su kwanakin da za a gwada ɗorewar son ba, saboda haka ba wanda zai rantse a kai. Abin da ya tabbata shi ne a duk birnin su biyu ne suka kalli ɗan ɗaya gidan suka ga mutum.

To ina ƙaddara a ciki?

Tana ko'ina a bakin 'yan wasan. Tun a baitoci 14 na farko an sanar da masu kallo cewa masoyan za su mutu, taurarinsu sun saɓa musu. Mutanen zamanin sun yarda taurari na da hannu a rayuwar ɗan Adam. Romeo ya ji a jikinsa wani mugun abu na tafe kafin ya shiga liyafar. Da ya kashe Tybalt ya ce sa'a ta mai da shi abin wasanta. Da aka kawo masa labarin mutuwar Juliet, taurarin ya juya ya yi wa tawaye.

Tsautsayi ma ga shi nan a jere. Baran da aka ba takardar gayyata bai iya karatu ba, ya tare wani a hanya ya karanta masa, ashe Romeo ne. Mercutio ya sha suka ta ƙarƙashin hannun Romeo a daidai lokacin da Romeo ya shiga raba su. Capulet, don murna 'yarsa ta amince, ya janyo ranar biki daga Alhamis zuwa Laraba, ya ci wa dabarar Fada kwana guda. Fada John da aka ba wasiƙa ya biya neman abokin tafiya, masu tsaron lafiyar gari suka zargi gidan da suke ciki da annoba suka kulle su a ciki. Wannan ba baƙon abu ba ne ga masu kallon farko, don annoba ta sa an rufe gidajen wasa a Landan mafi yawan lokaci tsakanin 1592 da 1594. Daga ƙarshe Romeo ya sha guba 'yan mintoci kafin Juliet ta buɗe ido.

Sai dai a ɗauki kowane tsautsayi a tambaye shi. Wasiƙa ta kan ɓace kullum, ba ta kashe kowa. Wannan ta kashe ne don rayuka biyu sun rataya a kanta, sun rataya ne don an ɓoye auren, an ɓoye shi ne don gaba. Janyo ranar biki da kwana ɗaya ba masifa ba ce sai ga amaryar da ke da miji ba ta isa ta faɗa ba. Takobin da ya sami Mercutio bisa kuskure, ai da niyya aka zare shi. Gabar ta jiƙa garin da fetur, tsautsayi ashana kawai ya ƙyasta. Mercutio, wanda ba ɗan ko ɗaya daga gidajen ba ne, da yana mutuwa bai ambaci taurari ba. Gidajen biyu ya yi ta tsine wa, yana roƙa musu annoba.

Manyan da ke kusa da su fa?

Kowa ya saki Juliet a ranar da ta fi bukatarsa. Mahaifinta da farko ya ce wa Paris a bari ta ƙara shekara biyu, kuma sai da yardarta. Kwana biyu bayan haka, da ta ce ba ta so, ya ce ko ta je coci ko ya ja ta a ƙasa, in ta ƙi ta fita ta yi bara ta mutu a titi. Wanda ya saba karanta littattafan soyayya na Kano zai gane wannan uban tun kafin ya rufe baki. Mahaifiyarta ta ce ta gama magana da ita. Uwar goyonta, wadda ta shayar da ita kuma ta yi musu aiken auren, ta ce ta manta da Romeo ta auri Paris.

Fada Laurence niyyarsa mai kyau ce, yana fatan auren ya kashe gabar. Shi ne mai wa'azin a bi a sannu, mai gudu ke tuntuɓe, amma shi ya ɗaura auren kwana ɗaya da haɗuwa. Da ya ji motsin 'yan sintiri a hubbaren, ya gudu ya bar yarinya da gawar mijinta. Yarima ma ya amsa laifinsa, ya ce kawar da kan da ya yi ya ci masa 'yan uwa biyu, Mercutio da Paris.

An yi sulhu a ƙarshe?

An yi. Capulet ya miƙa wa Montague hannu ya kira shi ɗan'uwa, kowannensu ya yi alkawarin gina wa ɗan ɗayan mutum-mutumi na zinariya. Amma Romeo shi kaɗai ne ɗa namiji a gidansu, Juliet ita kaɗai ta rage wa iyayenta, matar Montague kuma baƙin cikin korar ɗanta ya kashe ta a daren. Ba sauran wanda zai gaji gabar, ba kuma wanda zai gaji sulhun. Yarima da kansa ya kira shi zaman lafiya mai duhu.

Da gaske an yi su a tarihi?

Babu shaidar haka. Mawaƙin Italiya Dante ya ambaci sunayen Montecchi da Cappelletti a farkon ƙarni na 14 a cikin masu rikicin siyasa, amma bai kawo labarin masoya ba. Duk da haka a Verona akwai gidan da ake kira gidan Juliet, masu yawon buɗe ido na tururuwa su ɗauki hoto a barandarsa, wasu su aiko mata da wasiƙu, 'yan sa-kai su ba da amsa. Barandar a ƙarni na 20 aka liƙa ta a jikin ginin. A rubutun Shakespeare taga aka ambata.