Agogo da kuge: tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Wai da gaske agogo sunan abin kiɗa ne?

Da gaske ne, na sha faɗa. A Yarbanci agogo ƙararrawa ce ta ƙarfe da ake bugawa da sanda.

To ya aka yi ya koma abin duba lokaci?

Da bugun ƙararrawa ake sanar da sa'a, sai Yarbawa suka laƙaba wa na'urar sunan, mu kuma muka ara daga gare su. Kai kanka ba "ƙarfe biyu" kake cewa ba? Ƙarfen da aka buga sau biyu ke nan. Bayarabe ma "agogo meji" yake cewa.

Ba daga Larabci ba ne?

A'a. Sa'a ce ta Larabci. Ku daina jingina wa Larabci duk kalmar da ba ku bincika ba.

Zan sa maƙeri ya ƙera mana ɗaya don ƙungiyar kiɗan makarantarmu. Me zan ce masa?

Nan sai a hankali. In ka ce agogo, wurin mai gyaran agogo zai tura ka. Mafi kusa da abin da kake nufi a Hausa shi ne kuge: ƙarafa biyu masu rami a haɗe, babu harshe a ciki, ana bugawa da ƙaho. Amma kuge na fada ne. A da in aka ji shi, to shelar sarki ce ko yaƙi, kuma har gobe akwai garuruwan da dattawa ba za su so su ji yara suna buga shi don wasa ba. Wani wurin kuwa ba wanda zai ce uffan. Ya danganta da garinku. Ni dai shawarata, fara tuntuɓar makaɗan fada ko mai unguwa. Sannan kai wa maƙerin hoto, ka nanata masa cewa ɗaya ya fi ɗaya girma, domin daga nan ne amo biyu suke fitowa. Kada ka ce ƙararrawa kurum, zai iya sa mata harshe.

Na ga 'yan Burazil suna kaɗa agogo. Nasu ne?

Yarbawan da aka kwasa bayi zuwa Bahiya, wata jiha a Burazil, su ne suka tafi da shi har da sunansa. Sai 1888 ƙasar ta soke bauta. Yau yana cikin kiɗan samba.

Sambani fa, ba shi ne kuge ba?

Haba malam. Sambani mata ke kaɗawa a hannu, galibi wajen waƙoƙin bege lokacin Mauludi. Ba ruwansa da fada.