Ƙarar banza a sifikar mota: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Kusan kowa tambaya ɗaya yake zuwa da ita, wato daga ina ƙarar banza ke shiga sifikar motarsa, kuma yawanci sai bayan ya kashe kuɗinsa. Bari in tara amsoshin wuri guda, wanda ya sake tambaya in nuna masa nan.

Sifikar ce ta mutu?

Da wuya. Sifika abin da aka turo mata take fitarwa. Idan ta ƙone, za ka ji kakkaɓi ko ƙas-ƙas lokacin da ganga ta buga, ko injin yana aiki ko a kashe. Gwada ta da mita: mai ohm 4 za ta nuna tsakanin 3 da 4. In ta nuna haka, ka bar ta.

Na canja sifika, ƙarar tana nan.

Ai dama za ta ci gaba. Wa ya ce ka saya kafin ka gano daga ina ƙarar take shigowa?

Ina jin "shiii" ko babu waƙa, ko injin a kashe.

Ka murɗe makunnin gen ɗin amfilifaya har ƙarshe, shi ya sa. Ba makunnin ƙara sauti ba ne, aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin siginar da rediyo ke aiko mata. Rage shi.

Da na jona wayata a caji sai tsuwwa ta taso.

Cire cajar ka saurara. In ta ɗauke, waya ta haɗu da mota ta hanya biyu ke nan, ta igiyar sauti da ta caji. Koma Bluetooth, ko ka samo caja mai kyau. Wannan ba matsala ba ce da za ta hana ka barci.

Tsuwwar tana bin totur, ina takawa tana ƙara tsini. Me zan yi?

To, wannan ita ce tambayar da ta cancanci zama. Kukan altaneta ne, na'urar da ke cajin batir in injin yana aiki. Wutar da yake haɗawa ba ta fita sumul gaba ɗaya, akwai ɗan kaɗawa a cikinta, kuma saurin kaɗawar yana bin juyin injin. Yawanci tana samun ƙofa ne idan rediyo da amfilifaya ba su sami atin (haɗin wuta da ƙarfen mota) iri ɗaya ba, sai wutar ta bi ta igiyoyin RCA, masu kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, don cike bambancin. Na ce yawanci, ban ce kullum ba.

Fara da atin ɗin amfilifaya, wato wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota. Kaurinta ya zama daidai da na wayar wuta, kada tsawonta ya wuce kamar santimita 45, a kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure tamau. Sau nawa na tarar an maƙala ta a kan fenti, ko a wani ƙaramin sukurun da bai riƙe komai ba! Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa.

In ba ta ƙare ba, kashe komai, zare igiyoyin RCA daga amfilifaya, ka tada mota. Tsuwwa ta ɗauke? To daga rediyo ko igiyoyin take zuwa. Ɗauko wata igiyar ka shimfiɗa ta bisa kujeru ka jona. In shiru ya samu, tsohuwar ta yanke a ciki ko tana kwance kusa da wayar wuta, sai ka bi da ita ta ɗaya gefen motar. In har yanzu tana yi, duba atin ɗin rediyon, ka kuma zare eriya ka ji, don wani lokaci ta nan take shiga. Idan kuwa tsuwwar ba ta ɗauke ba ko da RCA a zare, koma kan amfilifaya da wutar da take sha.

Akwai kuma yiwuwar laifin altanetan ne da kansa. Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in injin yana aiki. Ko da lambobin sun yi daidai, dayod (ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) ɗaya da ya mutu a cikin altanetan zai iya haddasa kukan, wannan kuma sai rewaya ya gwada. Wani lokacin ma abu biyu ne suka haɗu, ka gyara ɗaya ƙarar ta ragu ba ta tafi ba. Kada ka karaya, ka dai riƙa canja abu ɗaya kana saurarawa.

Ba sai in sayi ɗan akwatin tace ƙara in huta ba?

Yana iya rufe ta, wasu masu arha kuma su cinye maka ƙarfin ganga. Atin ɗinka mara kyau yana nan yadda ka bar shi. Sai in komai ya gagara.

Ina jin tak-tak-tak da ke bin injin.

Fulogi ne ko wayoyinsa.

Sai na cire batir kafin in taɓa wayoyin?

Har wannan ma tambaya ce? Cire kan nagetif tukuna. Kuma kada ka zare RCA rediyo yana kunne, haka mutane ke ƙona atin ɗin cikinsa, su dawo mini da tsuwwar da ba su da ita a da.