Wankin tayar babur: tambayoyin da 'yan okada ke yi

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan ji a bakin 'yan'uwanmu masu okada a Agege da Ojo da ke Legas, musamman idan damina ta kankama, ruwan Yuni da Yuli ya cika tituna da taɓo.

Da me ya kamata a wanke taya?

Ruwa, sabulu kaɗan, da buroshi mai ɗan tauri. Ka bari tayar ta huce tukuna, ka kafe babur a kan sitan na tsakiya don ƙafar baya ta riƙa juyawa, ka goge kana juya ta, sannan ka ɗauraye sosai. Omo ma yana yi, amma kada a bar kumfarsa ta bushe a jikin roba.

Yaron wurin wanki ya shafa wa tayata man ƙyalli, ta yi baƙi wuluk. Akwai laifi?

Akwai, babba ma. Wannan man na tayar mota ne, ita kuma mota gefen tayarta ba ya taɓa kwalta. Babur kuwa kwantawa yake a kwana, kafaɗar tayar ce ke riƙe shi a lokacin. Man nan santsi ne da shi, kuma idan taya tana gudu sai ya malalo kan zanen. Na taɓa ganin wani yaro ya fito daga wurin wanki, babur na walƙiya kamar na ango, kwana ta farko ƙafar gaba ta zame, ya ɗaye gwiwa, fasinjarsa ta tashi da yagaggen zani. Ko tafiyar minti biyu bai yi ba. Idan an riga an shafa maka, Malam, kada ka ji kunyar cewa a sake wankewa da sabulu kafin ka hau. Kuɗinka ne, fatarka ce.

To fetur ko kananzir fa, idan kwalta ta manne?

A'a. Fetur, kananzir da gas duk suna cin roba, ta yi laushi, daga baya ta tsattsage. Wani abin da ba a lura da shi: baƙin man da ake tsiyaya wa cen. Idan ya yi yawa, cen ɗin na fesa shi a gefen tayar baya. Sa kaɗan, ka share ragowar da tsumma.

Iska nawa zan sha?

Abin da kamfani ya rubuta a littafin babur. A ƙanana irin Boxer, galibi a ma'aunin iska na PSI gaba 25 ne, baya 28, idan da fasinja baya 32. A auna da safe kafin a fara aiki, domin taya mai zafi tana nuna fiye da gaskiyarta. Kuma a sa geji, wato abin auna iskar taya. Mai facin da ke danna taya da babban yatsa ya ce "ta yi, Alhaji", zato kawai yake. Ƙarancin iska ne ke sa bakin rim ya cije tif idan an faɗa rami, ramukan Legas kuwa da damina ruwa ke rufe su.

Yaya zan san taya ta gama aiki?

Duba cikin zanen, akwai wasu 'yan tudu ƙanana da kamfani ya sa. Idan saman tayar ya zo daidai da su, ta suɗe. Zanen nan shi ke kore ruwa daga ƙarƙashinta. Lokacin wanki kuma shi ne lokacin bincike: ka zare tsakuwa da kwalba da suka maƙale, ka duba kumburi ko tsagewa a gefe.

Tayar tokumbo, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, ta fi araha, in saya?

Karanta shekarunta tukuna. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 1519, an yi ta a mako na 15 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa na cewa taya ta wuce lokacinta bayan shekara 4 da ƙerawa, ko da zanenta bai taɓu ba. Sabuwa fil ma tana da santsi a kwanakin farko, sai ka bi kwana a hankali har fuskarta ta dusashe.