Me ake nufi da "tantance jarirai sababbin haihuwa"?

Kalmar tana yawan fitowa a muhawarar dokokin lafiya a jihohin Amurka. Abin da ake yi shi ne a ɗan soki diddigen jariri, galibi tsakanin awa 24 zuwa 48 da haihuwa, a ɗiga jinin a kan wata takarda ta musamman, a aika ɗakin gwaji. Galibi cututtukan gado ake nema, waɗanda ba su kai ga bayyana ba. A ido dai jaririn lafiyarsa ƙalau.

Dakta Robert Guthrie ne ya ƙirƙiro dabarar a farkon shekarun 1960 saboda cutar PKU, wadda ke lalata ƙwaƙwalwa idan ba a sauya wa yaro abinci da wuri ba. A lura, tantancewa ba tabbaci ba ce. In an ga alama sai an sake gwaji mai zurfi, kuma da dama sukan fita ba su da komai.

To me ya kawo maganar doka? Gwamnatin tarayya shawara kawai take bayarwa, kowace jiha ita ke zaɓar cututtukan da za ta gwada. Don haka iyaye kan tasa 'yan majalisa a gaba sai an ƙara wasu.

A ɗauki cutar SMA, da aka sa a 2018 a jerin cututtukan da gwamnatin tarayya ke ba da shawarar a gwada. Tana kashe ƙwayoyin jijiyar da ke motsa tsokoki, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. A da, yawancin masu nau'in mai tsanani ba sa kai shekara biyu. Yanzu akwai magani, irin su Zolgensma da aka amince da shi a 2019, amma ya fi aiki kafin jiki ya fara saki. Cutar Krabbe, mai lalata jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, da jihar New York ta fara gwadawa a 2006, ta fi wannan gaggawa: ana son a yi dashen ƙwayoyin jini cikin kusan kwana 30 na farko.

Masu ɗari-ɗari suna da hujja. Gwaji kan gano yaron da ciwonsa ba zai taso ba sai ya girma, iyaye su yi shekaru cikin fargaba. Duk da haka ina tare da masu neman faɗaɗawa, muddin dokar ta tanadi kuɗin magani da ƙwararrun likitoci. Zolgensma kaɗai ya fito kasuwa ne a kan dala miliyan 2.1.